Kaskar Dajin Sunut

Ranar Talata da hantsi aka fito da gawar Baba Almahdi daga dajin Sunut, lulluɓe da rawaninsa, kuma tun kafin motar 'yan sanda ta juya, bakina ya riga ya ɗaure wani bawan Allah. Ni Hansatu, mai shayi a bakin dajin nan shekara goma sha ɗaya, ni na yi wannan aika-aikar. Mulazim Mazin, jami'in da ya zo, tambaya ɗaya ya yi mini: wa ya shiga ta wannan hanyar tun safe? Na ce Baba Almahdi da buhunsa, sai Shitu a bayansa, babu na uku. Gaskiya na faɗa, amma da ƙarfi na faɗe ta, a gaban jama'a, har ina nuni da cokali.

Dajin Sunut dajin bagaruwa ne a gefen Khartoum, a bakin Farin Nilu, dab da gadar da muke hayewa zuwa gida Omdurman. Baba Almahdi majemi ne a unguwarmu. Bai yarda da bagaruwar kasuwa ba, da hannunsa yake tsintar tasa duk Talata. Shitu kuwa ɗalibi ne daga Damagaram, siriri, mai kunyar tsiya, yana zuwa daji yin hadda saboda hayaniyar ɗakin kwanansu. Shi ya fito da gudu yana salati, gaban jallabiyarsa jina-jina. Ya ce tsohon ya tarar a kife, an fasa masa ƙeya, ya ɗago shi ya ga ko da sauran numfashi. Wa zai saurare shi? Ga jini, ga sawunsa a wurin, ga shaidar Hansatu uwar surutu.

Mulazim ya ce ranar Lahadi za a miƙa Shitu kotu. Da aka tura shi cikin mota, ni kawai ya kalla. Littafinsa yana nan kan bencina inda ya yar da shi.

Kafin azahar unguwa ta gama yanke hukunci. Baƙo ne, ba wanda ya san uwarsa, ba wanda ya san ubansa. Wata ta ce dama idonsa bai yi mata ba. Ni kuwa na san mutumin da ke kawar da ƙafa kada ya taka tururuwa ba zai fasa kan tsoho ba.

*

Ban tsaya kwashe kofuna ba, na hau raksha, keken haya mai ƙafa uku, zuwa gidan Baba Hamuda. Shekara talatin ya yi yana bin sawun raƙuman sata a kasuwar dabbobi ta Muwailih, har hukuma takan aiko a ɗauke shi, kafin gwiwa ta zaunar da shi. Abokin marigayi ne tun suna samari. Na same shi zaune a zaure, jabanarsa ta gahawa ta huce bai sha ba.

Na kwashe komai na faɗa masa, ina kuka ina fyace hanci. Ya bar ni na gama, sannan ya tambaya ko 'yan kallo sun tattake wurin. Na ce kamar an ci kasuwa. Ya yi tsaki, ya miƙa hannu ya ɗauki sandarsa.

"Tashi mu tafi yanzu, 'yata. Ƙasa ta lalace, saura na sama. In rana ta faɗi shi ma mun rasa shi."

Ban gane ba, ban kuma tambaya ba. Wannan rana bakina ya ishe ni.

*

Hanya uku ce ta haɗu a inda aka kashe tsohon. Akwai babbar da ta taso daga wajen shayina, akwai wata siririya daga bakin kogi, sai ta uku da ta kurɗa cikin sarƙaƙiya ta ɓulle ƙarƙashin gada. Buhun marigayi yana nan jingine, rabinsa cike da bagaruwa. Baba Hamuda ya daɗe yana kallonsa.

Ya fara da ta bakin kogi. Taku biyar ya tsaya, ya sa sanda ya tare ni a ƙirji. Saƙar gizo-gizo ce a miƙe daga wannan reshe zuwa wancan, daidai fuskar mutum, mai ita zaune a tsakiya da dogayen ƙafafunsa. Gaba kaɗan ga wata, ga wata kuma. Ya ce wannan gizo-gizon kafin asuba yake saƙarsa, ba ya gyara ta sai duhu ya sake yi. Tun da suna nan lafiya, ko jaki bai bi hanyar nan yau ba.

Muka koma ta uku. Ƙasa sumul, babu sawu ko ɗaya, har na ce to, nan ma ba kowa. Ya ce in ɗaga kaina. Saƙa bakwai muka ƙirga, duk a yage, zaren yana lilo a jikin ƙaya. Ya duƙa ya nuna mini layi-layi a kan turɓaya, inda aka ja reshe mai ganye.

"Mai wayo ne," in ji shi. "Ya share ƙasa. Bai san fuskarsa ma tana barin sawu ba."

Wato wani ya shigo ta bayan daji, ni ina can ina rantsuwa babu na uku.

Dab da mahaɗar hanyoyin akwai wata bagaruwa mai rassa har ƙasa, ƙarƙashinta duk kashin awaki, alamar nan garke ke kwanciya da rana. A nan, in ji Baba Hamuda, mutumin ya tsuguna yana jira, don ganye ya kwanta kuma an karya ƙaya biyu da ke tsikarar baya. Sai ya kwance farin rawaninsa ya ja shi a ƙasa kamu uku, ya ɗago. Na ɗauka garin barkono ne ya bushe a jiki, sai na ga garin yana tafiya. 'Ya'yan kaska ne, sabbin ƙyanƙyasa, sun fi ɗari.

Na yi tsalle baya ina kakkaɓe zani. Shi kuwa tsohon nan, maimakon ya gudu, sai ya cire markub ɗinsa, takalmin fatar nan namu, ya shiga ƙarƙashin bishiyar ya tsuguna da gwiwarsa mai ciwo. Na ce Baba, lafiya? Ya ce in yi masa shiru gwargwadon shan kofin shayi biyu. Haka na tsaya ina kallon kaska na hawan dattijo.

*

Washegari aka yi jana'iza, aka kafa rumfar makoki a ƙofar gidan marigayi, ni na ɗauki aikin shayin maza. Amma tun da sassafe Baba Hamuda ya ja ni muka je neman mai awakin.

Al'amin sunansa, daga wajen unguwar Alshajara yake koro garkensa a ɓoye, don an hana kiwo a dajin. Ganinmu ya fara rantse-rantse tun ba a tambaye shi ba. Na ce a raina mun kama ɓarawo. Kowa ya san sun sha cacar baki da marigayi, awakinsa na cinye bagaruwar da tsohon ke tsinta. Al'amin ya amsa cewa makwancin na awakinsa ne, hanyar ma ya santa, amma ranar Talata bai shigo ba sai bayan azahar, da ya ga taro ya juya.

Baba Hamuda ya ce masa ya ɗage wandonsa. Ƙafafun baƙi ƙirin har gwiwa, suna warin guɗran, baƙin man nan da makiyaya ke shafa wa raƙuma. Al'amin ya ce duk mai kiwo a dajin nan da bazara in bai shafa ba, to ba zai yi barci ba mako guda. Tsohon ya sa ya tsaya kusa da ni, ya auna shi da ido. Da ƙyar ya kai kafaɗata.

A hanya na ce ai shi ne, Baba, dubi yadda yake rawar jiki. Ya ce tsoron tara yake, ba tsoron jini ba. Saƙar da aka yaga ta sama, ko da tsalle kan Al'amin ba zai kai ta ba. Kuma makiyayi ba zai share sawunsa a hanyar da yake bi kullum ba, awaki zai kora a kai. Wanda muke nema dogo ne, ɗan gari, wanda bai san abin da ke kwance a ƙarƙashin inuwar awaki ba.

Daga nan muka biya wajen Mulazim. Ya girmama tsohon, ya bari muka ga Shitu. Kwana ɗaya kawai, amma idanunsa sun faɗa. Baba Hamuda ya duba ƙafafunsa tun daga yatsu har gwiwa, fes, ko ƙurji babu. Ni na kasa haɗa ido da shi. Ya ce, "Inna Hansatu, don Allah littafina, kada rana ta ci shi." Na gyaɗa kai na fita da sauri.

Mulazim ya ce shi ba zai je gaban alƙali da yagaggiyar saƙar gizo-gizo ba. A kawo masa mutum kafin Lahadi, in ba haka ba takarda ta riga ta tafi.

*

Da yamma Baba Hamuda ya shiga yi wa Hajja Bakhita, matar marigayi, ta'aziyya, ni na raka shi. Ya tambaye ta a hankali ko akwai abin da ya dami mijinta kwanan nan. Ta ce mako guda ke nan ba ya cin abinci sosai. Ranar Asabar ya shigo ya fizge sabon buzun da take salla a kai, ya jefar da shi waje, ya ce kada ta ƙara. Ta tambayi dalili, ya ce ranar Juma'a bayan an idar da salla zai tashi a masallaci ya yi magana, kowa zai ji. Buzun daga shagonsu ne, cikin waɗanda Saifuddeen ke kawowa.

Saifuddeen ɗan ƙanwar marigayi ne, a hannunsa ya tashi, shi ke riƙe da shagon a kasuwar fata. Buzayen sallarsa sun cika unguwa, masu laushi, masu araha, har masallacinmu ya ba da sadakar ashirin. Shi ne a gaba wajen makokin nan, shi ke karɓar gaisuwa, shi ya fi kowa cewa a rataye baƙon. Kuma dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga zaure.

Hajja ta ɗauko buzun, Baba Hamuda ya karɓa ya shinshina, ya murza bayansa da yatsa, ya duba wuyan. Da muka fito ya tsaya gaisawa da Saifuddeen, ya tambaye shi kamar da wasa ko yana raka kawunsa tsintar bagaruwa. Ya ce wallahi rabonsa da dajin nan tun bara, ranar Talata yana shago tun safe. A gaban mutum biyar ya faɗa.

Tsohon ya ja ni gefe, bayan tukunyar shayi.

"Bakinki ya yi aikinsa, 'yata, yanzu ki ba idonki dama. Butocin alwala a gabanki suke. Ki duba mini wanda ba ya wanke ƙafa."

*

Daren nan da washegari ina zuba shayi ina satar kallon ƙafafun maza, abin da ko a ƙuruciya ban yi ba. Zafin bazarar Omdurman kuwa ba sai an faɗa ba, kowa neman dalilin zuba wa ƙafarsa ruwa yake. Mutum ɗaya ne kawai in ya zo ƙarshen alwala sai ya jiƙa hannu ya shafi bayan ƙafa ya miƙe. Huffi ne a ƙafarsa, safar fata mai rufe idon sawu, sabon ɗinki, aikin gwani. Ba wanda ya ce uffan, ai halal ne, kuma majemi ya sa fata ba abin mamaki ba ne. Amma in ya zauna karɓar gaisuwa, sai in ga yana goga wannan ƙafa da waccan a ƙarƙashin jallabiya, a hankali, yana cije leɓe.

Na faɗa wa Baba Hamuda ranar Alhamis. Shi ma susa yake, har da lumshe ido. Ya ce in kira masa Mulazim a waya.

*

Ranar Juma'a da hantsi, ranar addu'ar uku, rumfa ta cika maƙil, dattawa a gaba kan buzaye. Sai ga motar 'yan sanda. Mulazim Mazin ya fito da Shitu da ankwa a hannu, Al'amin na biye da su yana zare ido. Rumfa ta ɗauki guna-guni, samari biyu suka miƙe, liman ya daka musu tsawa suka zauna.

Baba Hamuda ya tashi da sandarsa. Bai yi doguwar magana ba. Ya faɗi hanyoyi uku, da saƙar da ke tsaye da wadda aka yaga, da inuwar da mai kisan ya tsuguna. Sannan ya zauna a kan kujera ya ɗage wandonsa. Jajayen ƙuraje ne sun zagaye idon sawunsa, ƙanana, a cunkushe, wasu sun fashe don susa. Ya ce wannan ladan zaman kofin shayi biyu ne a wurin. Wanda ya jira Almahdi ya fi haka daɗewa.

Aka duba Shitu, babu. Aka duba Al'amin, guɗran kawai. Tsohon ya juya wajen liman ya tambaya, cikin ladabi, mai huffi wace rana ake so ya cire shi. Liman ya ce ranar Juma'a, saboda wanka. Ba wanda ya ambaci suna, amma kawunan mutane suka juya wuri ɗaya.

"Saifuddeen, ɗana," in ji Baba Hamuda, "yau Juma'a ce. Ga buta."

Ya yi dariyar yaƙe, ya ce wannan wane irin wulaƙanci ne a makokin kawunsa. Liman ya ce ya cire, in babu komai shi da kansa zai ba shi haƙuri a gaban jama'a. Saifuddeen ya duba hagu, ya duba dama, Mulazim ya riga ya tsaya a bakin rumfa. Da ya zare huffin, na kusa da shi suka ja baya. Ƙafar ta kumbura, kwana uku cikin fata da gumi, ƙurajen sun yi ruwa, zobe guda a inda na tsohon suke, sai dai nasa sun ninka.

Ya ce shi majemi ne, kullum cikin fatu yake, kaska ba baƙuwarsa ba ce.

"Fatar da ke zuwa shagonku da gishiri take zuwa," in ji Baba Hamuda. "Kaskar jikin dabba babba ce, kuma tana sakin fata da zarar ta huce. Waɗannan a ƙasa ake ƙyanƙyashe su, a inuwa. Shekara arba'in kawunka yana jima, ka taɓa ganin ya ɗinka wa kansa huffi da bazara?"

Sai ya sa aka kawo buzun Hajja Bakhita, ya miƙa wa tsofaffin majema biyu da ke wurin. Suka juya shi, suka duba wuyan, suka kalli juna. Ɗayan ya ce a hankali, wannan dabbar ba a yanka ta ba. Fatar mushe ce.

Liman ne ya fara miƙewa daga kan buzun da yake zaune, sai na kusa da shi, sai sahu gaba ɗaya, dattawa tsaye a kan turɓaya mai zafi suna kallon abin da suka yi shekara biyu suna sa goshi a kai.

Saifuddeen ya zauna daɓas. Ba wanda ya tambaye shi, shi ya fara. Ya ce daga bayan kasuwar dabbobi yake samo su, wurin da ake yar da waɗanda suka mutu a hanya. Kawu ya gane. Ya roƙe shi, ya yi kuka, ya ce zai ƙone sauran, a rufa masa asiri. Kawu ya ce sallar mutane ba tasa ba ce da zai yafe. "Na je ne in sake roƙonsa inda ba kowa," in ji shi. "Ya ce mini Juma'a, ya juya ya ci gaba da tsinta."

Daga cikin gida muka ji kukan Hajja Bakhita. Ita ta yi masa wankan jarirai.

Mulazim ya buɗe ankwar daga hannun Shitu. Mutanen da suka ce idonsa bai yi musu ba, ba wanda ya iya ɗaga nasa idon ya dube shi.

*

Sai da Talata ta zagayo Shitu ya zo karɓar littafinsa. Na naɗe shi a cikin sabon ɗankwali, na ajiye ƙarƙashin gwangwanin sukari. Na zuba masa shayi da na'ana'a yadda yake so, na durƙusa a gabansa, ni da na haifi sa'anninsa, na ce ya yafe mini.

Ya ruɗe, ya ce in tashi don Allah. "Inna, ai abin da kika gani kika faɗa."

Na ce shi ne laifin. Abin da na gani na faɗa, na kuma rantse a kan abin da ban gani ba.

Ya shanye shayinsa, ya ɗauki littafin, ya nufi bakin daji kamar kullum. Ya kai inda inuwar bagaruwa ta fara, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya dawo ya zauna a ƙarshen bencina, cikin ƙarar motocin gada da ihun 'yan raksha, ya buɗe shafinsa ya toshe kunne ɗaya da yatsa.

A nan yake haddarsa har ya gama karatu ya koma Damagaram. Bai sake taka dajin ba, ni kuma ban taɓa tambayarsa dalili ba.